Hasashen damana ba alkawari ba ne

A kasuwar Yekuwa wani makiyayi ya tare ni: "Likita, rediyo ta ce ruwa zai yi yawa bana. In sayar da sauran harawata?" Na ce masa ya dakata.

Kowace shekara kafin damana, cibiyar AGRHYMET ta Yamai tana tara masana yanayi su fitar da hasashe. Suna duba ɗumin ruwan teku, sannan su kasa damanar gida uku: sama da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa. Misali, in sun ba ruwa mai yawa kashi 45 cikin 100, to sauran 55 na nan. Kuma hasashen na yanki ne baki ɗaya. Ana iya sheƙa ruwa a Magariya, Dungas ta kwana cikin ƙura.

Saboda haka mu yi shiri biyu. Mu ajiye harawa da dusa, ko ruwa ya yi jinkiri. Mu kuma yi rigakafi, mu ba da maganin hanta, mu nisanta garke daga tabkuna masu sauro. A 2016 zazzaɓin Rift, wanda sauro ke yaɗawa, ya kashe dabbobi da mutane a jihar Tawa.