Kafin a cire wa motar daji rufi

Duk wanda ya saba zagaya Babbar Kasuwa ta Yamai da hantsi, musamman titunan da suka kewaye ta inda ake sayar da kayan ƙarfe da igiya da tamfol, ba zai rasa ganin wata irin mota tsaye ana yi mata lodi ba. Doguwa ce mai manyan tayoyi, ƙurar hanya ta rine ta har ba a iya faɗin launinta na asali. Ita ce ake kira kat-kat, watau motar da injinta ke iya juya ƙafafunta huɗu gaba ɗaya. Waɗansu daga Filinge ko Walam suka fito, waɗansu kuwa hanyarsu ta fi haka nisa, sai Tawa, sai Agadas, sai abin da ke bayan Agadas. In mai karatu ya dube su da kyau zai lura da abu guda: da wuya a samu biyu masu kama da juna, ko da masana'anta ɗaya ce ta ƙera su. Wannan an ƙara mata tanki, waccan an ɗora mata ragar ƙarfe a ka, ta uku kuwa an raba ta da rufinta ɗungurungum an kafa mata sanduna da tamfol.

A Turai da Amurka mai irin wannan mota yakan kwance rufinta lokacin zafi don ya sha iska a ranar hutu, in sanyi ya shigo ya mayar. A ƙasarmu ba nishaɗi ke sa a yi haka ba. Buhun hatsi ne, da gangar ruwa, da ragunan Layya, da mutanen ƙauyen da mota ba ta zuwa musu sai ranar kasuwa. Tun da rayuka da dukiya ne ke hawa wannan mota, ya dace mu duba abin da mai ita zai iya yi da hannunsa, da abin da bai kamata ya taɓa ba.

Tsofaffin direbobi sun san cewa Land Rover ce ta fara buɗe wannan hanya. An fara nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam a shekarar 1948, kuma saboda ƙarancin baƙin ƙarfe a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da alminiyom aka yi jikinta, aka haɗa shi gunduwa-gunduwa da noti kamar gadon ƙarfe. Rufi yana fita, saman ƙofa yana fita, gilashin gaba yana kwantawa bisa murfin inji. Wanda ya taɓa tuƙa ta ba zai manta da sandunan nan biyu ba, mai rawayan kai da ake dannawa in an shiga yashi, da mai jan kai da ake ja in abin ya yi tsanani. Ita ta yi shekaru tana kai likitocin dabbobi da masu rigakafi da ma'aikatan gandun daji inda babu hanya. Daga baya Toyota Land Cruiser ta Japan ta iso, samfurin 40 da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, sa'an nan samfurin 70 da ya gaje shi a 1984. A tsakanin gobarar da ta cinye Babbar Kasuwa a 1982 da buɗe sabuwarta a 1987, ana iya cewa a nan ne sarautar daji ta koma hannun Toyota. A wannan shekara ta 1987 ma sojojin Cadi suka kori na Libiya daga Fada da Wadi Dum a kan irin waɗannan motoci, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Injin gazuwal mai silinda shida da ake kira 1HZ, wanda ya fito a 1990, shi ya ƙara mata farin jini, domin babu kwamfuta a cikinsa, bakanike na ƙauye yana iya buɗe shi a gindin bishiya. Ita kuwa Land Rover mai tsohuwar siffa, ta ƙarshe ta fito daga masana'anta a watan Janairu na 2016.

Larura ce ta koya wa masu motoci gyara da kansu. Da aka karya darajar kuɗin CFA da rabi a watan Janairu na 1994, farashin duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya haura, kayan gyaran mota na ciki. Haka kuma da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano da Gaya sai da suka yi dogon zagaye ta Lome. Duk lokacin da irin wannan ta faru, wanda ya iya riƙe sufana shi ke da mota a hanya.

To, batun rufi. Rufin mota iri biyu ne, kuma a nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Akwai wanda aka ɗaura da noti, kamar na tsohuwar Land Rover da na gajeruwar Land Cruiser samfurin 40. Akwai kuma wanda aka yi wa walda da jikin motar tun daga masana'anta, kamar na doguwar Land Cruiser rufaffiya da ake yin motar asibiti da ita, ko gidan direba na Hilux. Na farko kwance shi ake yi. Na biyu kuwa sai dai a yanke, kuma yanka ba kwancewa ba ne. Rufin da aka yi wa walda shi ke riƙe da ginshiƙan ƙofofi, in aka raba shi da su sai jikin motar ya dinga murɗewa a kan gargada, ƙofofi su daina rufuwa daidai, tsaga ta bayyana a kusurwoyi. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma fita sai an yi dubu. Wanda ke son motar ɗaukar kaya gara ya sayar da rufaffiyar ya nemi mai buɗaɗɗen baya.

Kwance rufi mai noti aikin yini guda ne, in an yi shiri tun jajibere. A daren da ya gabata a ɗiga wa kowane noti man sassauta tsatsa, ko gazuwal in babu, domin inda baƙin ƙarfe ya daɗe manne da alminiyom wani farin gari yakan taru ya kama noti kam. Da safe a fara cire wayar batir, sa'an nan a raba wayar fitilar ciki da duk wadda ta hau rufin. A sauke ƙofar baya. A kwance notocin da ke saman gilashin gaba, a bi na gefe da na kusurwoyi, a zuba na kowane wuri a gwangwaninsa dabam. Ɗagawa kuwa sai mutum huɗu, kowa da kusurwarsa, ba don nauyi kaɗai ba, don faɗinsa da saurin lanƙwashewarsa, kuma kada a yi ranar da iska ke kaɗawa.

A nan zan ba da labarin wautar da na taɓa yi. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya bar wata doguwar Land Rover, sai na ɗauki sufana mai lamba 13 na hau notocin rufinta. Kafin azahar na mulmule kawunan guda biyar, sun zama kamar goro, babu abin da zai kama su. Da na kai ƙara wurin wani dattijon bakanike, ya juya sufanar a hannunsa ya ce, "Yaro, wannan motar Ingila ce, ba ta jin milimita." Ashe notocin tsohuwar Land Rover da inci ake auna su, rabin inci kuwa bai kai milimita 13 ba, ɗan gibin nan shi ya ci kawunan. Toyota ita ce mai milimita, akasari 10 da 12 da 14 da 17. Saboda haka kafin mutum ya shiga kasuwa neman sufana, ya san ƙasar da motarsa ta fito.

Abin da aka fi mantawa shi ne abin da rufin ya tafi da shi. A waɗansu motocin, kan ɗamarar kujera a jikin bangon rufin yake, in bango ya tafi ɗamara ta zama ado. Kuma ko da rufin alminiyom ba garkuwa ba ne, ya fi babu ranar da mota ta kife a gangaren tudun yashi. Wanda zai yi tafiya babu rufi ya nemi mai walda na ƙwarai ya lanƙwasa masa kakkauran bututu a bayan kujerun gaba, ƙafafunsa su sauka a kan shasi, ba a kan falankin jiki ba. Bututun famfo da ake yin sandunan tamfol da shi yana ɗaukar tamfol, ba ya ɗaukar mota. Har ila yau takardar mota, wadda muke kira kart giriz, tana ɗauke da siffar motar da yawan mutanen da aka yarda ta ɗauka. Wanda ya sauya siffa bai je an gyara takarda ba, zai ji bayani a shingen jandarma, ko kuma a ofishin inshora ranar da tsautsayi ya auku, kuma na biyun ya fi ciwo.

Ƙare-ƙaren da ake yi wa mota ma suna da iyaka. Ragar kaya a kan rufi tana da amfani ga tabarma da katifa da faranta biyu na ƙarfe da ake shimfiɗawa in taya ta nutse. Amma jarkar gazuwal mai lita 20 ta kusa kilo 20 da ita da abin da ke ciki, goma sun kusa kilo 200 ke nan a wuri mafi tsawo a motar. Gangar ruwa mai lita 200 kuwa ta wuce kilo 200. Duk abu mai nauyi wurinsa ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Haka nan ƙara ganye a sifirin: motar takan daina durƙusawa, mai ita ya ɗauka ta ƙara ƙarfi, alhali birki da shasi da sandunan ƙafa suna nan yadda suke. Masu tsohuwar Land Rover sun san sandar ƙafar baya da saurin karyewa in an yi lodi an fizgi mota cikin yashi, shi ya sa masu hankalinsu ba sa tafiya sai da wata a ƙarƙashin kujera.

A ganina, abin da ke dawo da mota gida daga daji ba ya cikin abubuwan da ido ke gani daga nesa. Matacin iska ne, da tsabtar mai, da ruwan lagireto, kuma duka ukun mai mota zai iya kula da su ba tare da ya biya kowa ba. Lokacin hunturu, in hazo ya rufe gari, matacin iska yana toshewa cikin ƴan kwanaki. Na takarda ba a buga shi da ƙasa, a hura shi a hankali daga ciki zuwa waje, in an ga huda komai ƙanƙantarta a jefar. Na tsohuwar Land Rover mai kwanon mai ne, a wanke kwanon a zuba sabon baƙin mai daidai zanen da ke jikinsa. Gazuwal na bakin hanya da ake sayarwa a kwalba da jarka a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a kuma riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin matacin mai, domin ruwa da yashi su ne ajalin famfon inji. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, a duba fambel da robobin ruwa kowace safiya, kuma kada a buɗe murfin lagireto inji na tafasa. Da damina, in an ƙetare ƙorama, a leƙa man ƙafafu, in ya koma fari kamar nono ruwa ya shiga. A yashi a rage iskar taya, amma da an hau tsakuwa ko kwalta a mayar, a kuma fitar da mota daga giyar ƙafa huɗu. Bayan kowace doguwar gargada a zagaya da sufana, domin girgiza tana kwance abin da hannu ya ɗaure. Amma birki da sitiyari da famfon gazuwal, da tayar nan mai zoben ƙarfe da kan yi tsalle ta raunata mai hura ta, waɗannan na kanikawa ne.

Kada a ɗauka tsananin tsoro ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta yi sauran. A cikin gari robar ruwa da ta fashe ɓata lokaci ce kawai, a hamada kuwa magana ce dabam. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa direbobin Agadas na da, masu rataye salka a gefen mota, ba sa tashi sai sun ƙirga fambel da robobi da faci kamar yadda suke ƙirga guzuri.

Wajen saye, mai mota ya tafi kasuwa da tsohon abin a hannunsa, ya gwada su gefe da gefe. Kwali ba shaida ba ne, domin jabu ma ya iya sa riga. A duba nauyi, a duba zaren noti, a duba takardar cikin matacin ko tana da kauri da yawan ninki. Sau da yawa na hannu da aka ciro daga mota ta asali ya fi sabo na jabu, sai dai roba da matata da kayan birki, waɗannan ba a sayen tsofaffinsu.

Saura ajiyar rufin da aka cire. A ɗora shi bisa katako huɗu a inuwa, a kwance yadda yake zama a kan mota, kada a jingina shi da bango, kada yara su mayar da shi wurin wasa, domin in ya karkace ramukan noti ba za su sake haɗuwa ba. Robobin da ke tsakaninsa da jiki rana takan busar da su, a sayi sababbi kafin ruwan farko na watan Yuni, a shafa wa kowane noti giris, a ɗaura su duka sako-sako tukuna kafin a bi su ɗaya bayan ɗaya a matse. Kuma a ajiye shi cikin gida. Na kawuna a ƙofar gida na jingine shi wata uku, ran nan na tashi na tarar da wurin wayam, kuma kowa a Yamai ya san cewa maƙeran Katako da alminiyom suke zuba tukwane.