Tantabara Mai Alkafura: Ko A Tashe Ta Sa'ad Da Ta Ke Sake Gashi?

Wanda ya bi hanyar mota daga Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori da sassafe, in ya ɗaga kai ba zai rasa ganin tantabaru suna kewaya bisa ƙauyuka ba. Kiwonsu tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Ana cin 'yan shila, ana kai manya kasuwa, kashinsu kuma taki ne mai ƙarfi ga mai lambu. Amma akwai wani iri wanda ba don tukunya a ke ajiye shi ba, sai don kallo. Shi ne tantabara mai alkafura.

Ita wannan tantabara, tana cikin tafiya a sama sai ta kifa ta baya, ta yi ta juyawa da sauri tana gangarowa kamar mazari, har ido ya kasa ƙirga juyin. Sa'an nan ta buɗe fukafukai, ta tsaya, ta koma cikin 'yan'uwanta. Ba koya mata a ke yi ba, gado ne. Masu alkafura sun daɗe a Hindu da Farisa, daga can aka san su a Turai. Wani masani na Ingila, Charles Darwin, ya yi kiwonsu da kansa, ya kuma ba da labarinsu cikin littafinsa na shekarar 1859. A wannan ƙarni ne mutanen birnin Bamingam da kewayensa suka yi ta zaɓen waɗanda suka fi juyi suna haɗa su, har suka fitar da irin da ya yi suna a duniya. Masu gasa da su su kan tashi garke guda na tsuntsu 15 zuwa 20, alƙali yana ƙasa yana duban nawa ne suka juya tare.

To, ga abin da ke raba kan masu kiwo. Kowace shekara tantabara ta kan zubar da tsohon gashinta, ta tsirar da sabo. Wani ya ce a kulle ta sai ta gama. Wani ya ce a'a, a bar ta ta yi ta tashi. Maganar ba ta wasa ba ce, gama mai alkafura ta fi ta gida tsada nesa, in kuwa shaho ya ɗauke maka ita, ko ta faɗo ta karye, kuɗinka da wahalarka ta shekara sun tafi. Kafin mu yanke, sai mu san yadda aikin ke gudana a jikinta.

YADDA GASHI KE ZUBA

Kama tantabararka, ka riƙe ƙafafunta tsakanin yatsunka, ka buɗe fiffike guda a hasken rana. Daga gaɓar tsakiya zuwa ƙarshen fiffike za ka ga dogayen gashi guda 10. Su ne masu tura ta gaba. Daga wannan gaɓa zuwa jikinta akwai waɗansu gajeru, su ne masu tallafe ta a iska. A wutsiya kuma akwai 12, da su ta ke juya hanya, da su ta ke tsayawa.

Dogayen nan ba su faɗuwa gaba ɗaya, da haka ne da ba ta iya tashi ko kaɗan. Na ciki, wanda ke kusa da gaɓa, shi ke fara faɗuwa, a fiffiken dama da na hagu kusan tare. Shi za mu kira na ɗaya. Sai sabonsa ya yi nisa da tsirowa sa'an nan na biyu ya faɗi, haka har a kai na goma, wanda ke can bakin fiffike. Kowane guda ya kan ci mako uku ko huɗu kafin ya cika, saboda haka aikin duka ya kan ɗauki wata biyar, ko shida, ko fiye. Lura da wannan lissafi da kyau. Mutumin da ya ce zai kulle tantabararsa sai ta gama sake gashi, ashe kullen rabin shekara ya ke nufi bai sani ba.

Sa'ad da ta kai wajen na shida ko na bakwai, sai ƙananan gashin jiki su soma zuba da yawa, na kai, da na wuya, da na ƙirji, wutsiya kuma ta yi giɓi. A nan ne za ka shiga ɗakinsu da safe ka tarar da ƙasa fari fat, ka ga tsuntsun da ka ke alfahari da shi ya zama kamar wanda aka soma figewa aka fasa. Kada ka tsorata, ba ciwo ba ne.

Sabon gashi kuwa abu ne mai rai. In ka duba karansa za ka ga ya yi duhu, yana da taushi, jini ne a ciki. Sai ya gama girma jinin ya janye, karan ya bushe ya yi ƙarfi. In ya karye tun yana ɗanye sai ya zub da jini, ya fito a lanƙwashe. In kuma tantabara ta kwana da yunwa ko ta yi ciwo sa'ad da ya ke tsirowa, sai ka ga wani ɗan zane ya ratsa shi a gicciye, daga nan ya kan tsage. Wannan aibi ba ya gyaruwa, da shi za ta yi ta tashi sai baɗi.

KADA KA ƘIRGA WATA

A Ingila masu kiwo sun san lokacin babbar zubar gashi, daga watan Agusta zuwa Oktoba. Dalili, a can rana ta kan yi tsawo ƙwarai a tsakiyar shekara, fiye da sa'a 16, sa'an nan ta yi ta raguwa har ta koma ƙasa da sa'a 8 a Disamba. Raguwar hasken ita ke gaya wa jikin tsuntsu lokaci ya yi. Mu nan ba haka mu ke ba. A Funtuwa bambancin rana mafi tsawo da mafi gajarta bai kai sa'a ɗaya da rabi ba. Ga shi kuma tantabarunmu suna ƙwai kusan kowane lokaci na shekara, mai ciyar da 'ya'ya kuwa sake gashinta ya kan yi jinkiri. 'Yan shila su ma su kan soma nasu tun suna da kamar mako bakwai, ko da wane wata aka ƙyanƙyashe su. Don haka a ɗaki guda sai ka sami wata tana kan na uku, wata tana kan na tara. In wani ya karanto maka watannin Turai, ka ji, amma ka koma ka buɗe fiffike. Ran kowace Juma'a ka kama su ɗaya ɗaya ka ƙirga, tun da yanzu ka iya rubutu ka sa a takarda.

HUJJAR KOWA

Masu cewa a kulle suna da gaskiyarsu. Alkafura tana buƙatar cikakken fiffike da cikakkiyar wutsiya, ba don fara juyi ba, don tsayar da shi. Wadda ke da giɓi ta kan zarce inda ta saba tsayawa, in kuwa ba ta yi sama sosai ba sai ta bugi rufin kwano, ko reshen darbejiya, ko ƙasa. Ga kuma shaho. Shirwa 'yan tsaki ta fi dauka, amma shaho a sama ya ke kamu, kuma wadda ta ware daga garke ya ke nema. Mai alkafura da kanta ta ke warewa duk sa'ad da ta juya, in ƙarfin fiffikenta ya ragu ba ta komawa cikin garke da wuri.

Masu cewa a tashe su su ma ba su yi ƙarya ba. Tantabarar da ta yi wata da watanni a kulle ta kan yi kitse, naman ƙirjinta ya saki, ranar da aka buɗe mata ta yi kewaye biyu ta sauka tana haki. Waɗanda suka fi cutuwa su ne ƙanana na bana, gama a watannin nan ne su ke koyon tafiya tare da gane gida, a nan ne kuma juyin ke fara fito musu su koyi riƙe shi. Cunkoso a ɗaki mai danshi, musamman da damina, ya kan kawo ƙwarƙwata da ciwo.

A ganina kowannensu ya kama gefe guda ne ya saki guda. Daga na ɗaya zuwa na shida, tashe su kamar yadda ka saba, giɓin ƙarami ne, yana ciki, ba ya hana su kome. In gashin jiki ya soma zuba, rage. Maimakon kullum, sai bayan kwana biyu ko uku, da safe kafin rana ta yi zafi, kuma kada ka kaɗa musu tsumma a gora don su daɗe a sama. In sun so sauka, su sauka. Amma in ta kai na tara da na goma, ajiye ta. Waɗannan su ne mafi tsawo, su ke yanka iska, babu kuma wani gashi a gabansu da zai kare su sa'ad da su ke ɗanye. Hutun mako huɗu zuwa shida ne, ba na rabin shekara ba. Haka kuma duk wadda ka ga ta bugi wani abu sau ɗaya, ko ta ƙi bin 'yan'uwanta, cire ta daga garke ko da a kan na nawa ta ke. Ajiyewar ba ta zama a duhu ba. Yi musu keji na waya a tsakar gida inda za su sha hantsi, su miƙe fukafukai.

Ran hadari kada ka tashi kowace, iskar farkon damina ta kan kwashe garke ta kai shi inda ba ya dawowa. Ran da hazon hunturu ya rufe gari ma haka, ba su ganin gida.

ABINCI DA WANKA

Masu alkafura a kan auna musu abinci, kamar babban cokali biyu kowace a yini, bayan sun sauko, domin in sun ƙoshi ba su jin kira. Lokacin sake gashi ka ƙara, gama jiki yana gini. Dawa da gero da masara kaɗai ba su isa ba, sai an haɗa da wake, da 'yar gyaɗa kaɗan saboda mai. Allah ya hore wa ƙasar Funtuwa da Malumfashi waɗannan duka. Waken suya yana da kyau, amma a soya shi tukuna, ɗanyensa yana hana abinci narkewa. Angurya kuwa, ko da ta ke a yalwace a ƙasar auduga, bar wa shanu abinsu, akwai wani abu cikinta da ke cutar tsuntsaye. Hatsin da ya yi fumfuna a rumbu a watan Agusta, kada ka ce asara ne a zubar, ya kan kashe su. Ajiye musu ƙananan tsakuwa da dakakken ɓawon ƙwai. Lokacin shuka kuma kada ka sake su da yunwa har su sauka gona, gama irin da manoma ke shukawa sau da yawa an cuɗa shi da magani mai guba.

Sau biyu a mako ka sa musu ruwa a faffaɗan kwano, zurfin yatsa uku, da hantsi. Wanka yana sassauta kuben da sabon gashi ke fitowa a ciki. Kwashe gashin da ya zuba ka ƙone. In da hali, raba maza da mata har su gama, domin renon 'ya'ya da tsirar gashi a lokaci guda nauyi biyu ne.

Abu guda ya rage. In ka ga tantabara tana murɗe wuya tana juyi a ƙasa, tana saran hatsi tana kuskure, tana zawo kore, wannan ba alkafura ba ce, ba kuma sake gashi ba ne. Ciwo ne mai yaɗuwa, dangin wanda ke kashe kaji da hunturu. Ware ta nan da nan, kada ta sha ruwa tare da sauran, ka tafi wurin malamin dabbobi.