Karen Gidan Wa Ne?

Duk ranar da kare ya ciji yaro a Tudun Wada ta Gusau, tambayar da ake fara yi ita ce: na gidan wa ne? Nan take kuma kare yake zama maraya. Wanda jiya yake bugun ƙirji cewa ɓarawo bai isa ya doshi ƙofarsa ba saboda karensa Dunƙule, yau shi ne zai ce ai karen ba nasa ba ne, kwana kawai yake yi a zaurensa. Yawancin karnukan da muke kira na bola suna da iyayen gida. An ɗauko su ne suna kwikwiyo, yara suka yi wasa da su har suka gaji, sannan aka bar su su nemi na bakinsu a juji da bayan mahauta.

Matsalar ta ƙaru da halin da jihar ke ciki. Mutanen ƙauyukan Tsafe da Bungudu da rashin tsaro ya raba da gidajensu sun shigo gari da abin da suka iya ɗauka, kuma wanda ke gudun ceton rai ba za a tambaye shi kare ba. Wasu karnukan sun biyo masu su, wasu sun watsu a daji suna cuɗanya da dila da sauran namun dawa. A ɗaya gefen, tsoron dare ya sa masu hali a cikin gari suna sayen karen gadi, har da irin na Turawa mai gashi buzu-buzu, wanda ba a halicce shi don zafin watan Afrilu na Gusau ba. Sai a ɗaure shi da sarƙa a rana, ga kwanon ruwa a bushe.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. An halatta riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Sun kuma ruwaito na mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba wanda ya tilasta maka ajiye dabba. Amma daga ranar da ka ajiye, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyanka, haka ma ɓarnar da za ta yi wa maƙwabci.

Mafi girman wannan ɓarna ita ce cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. Idan ta shiga ta wurin cizo, sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, abin da kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Wannan jinkirin shi ne ke yaudarar iyaye. Ciwo ya warke, an manta, sai ranar da yaro ya fara firgita da ganin ruwa. Idan aka kai nan, kusan babu mai tashi.

Abin takaicin shi ne maganin ya daɗe a duniya. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar farko a Faransa ya rayu, shi ya sa ake tunawa da cutar kowace 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu. A nan gida, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar rigakafin karnuka. Ana yi wa kwikwiyo idan ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa.

In kuwa cizo ya riga ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a nufi asibiti a ranar, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura, a nemi allurar cizon kare. Ɗora gashin karen a kan ciwon ba ya kashe komai. Shi kuma karen, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a killace shi kwana goma ana lura da shi, a sanar da ma'aikatan dabbobi. Matasan da ke rufe shi da jifa su jefa gawar a kwata sun ɓatar da shaidar da likita yake buƙata.

To, mutumin da dabba ta gundure shi yana neman wanda zai sauke masa nauyi, kuma a nan ne masu fuskar taimako ke shigowa. Wani zai zo da babur da keji, ya ce, "Alhaji, ba ni shi in kai shi gona inda za a kula da shi." Ya kamata mai gida ya san cewa akwai babbar kasuwar karnuka a Dawaki, cikin ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato, inda ake tara karnukan Arewa har da na Nijar don yanka. Ana cusa su a keji, lafiyayye da mai cuta, a yi doguwar tafiya da su ba ruwa. Wanda ya faɗa maka gaskiya cewa fatauci yake yi, ka san abin da ka zaɓa. Wanda ya lulluɓe cinikin da sunan tausayi shi ne abin gudu, domin irinsa ba ya tsayawa kan wanda aka ba shi, har na maƙwabta yakan haɗa. Masu tsofaffin jakuna ma sun san irin wannan daɗin baki, tun da fatar jaki ta yi daraja a kasuwar Sin, har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024.

Akwai kuma mai jaka da sirinji da ke yawo gida-gida yana kiran kansa likita. Allurar rigakafi tana son sanyi tun daga inda aka yi ta har zuwa jikin dabba. Wadda ta wuni a aljihu cikin rana ta zama ruwa, kuma ta fi rashin yi haɗari, don mai kare zai saki jiki. Likitan gaskiya yana da rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, yana nuna kwalba da ranar lalacewarta, yana ba da takardar shaida. Kada kuma a ɗauki maganin mutane a ba dabba da ka. Ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe kyanwa.

Mai fuskar taimako na uku yana cikin wayar da ke hannunka. Bidiyo ne na kwikwiyo a cikin rami ko kyanwa da maciji ya nannaɗe, sai ga wani ya bayyana daidai lokacin ya cece ta, a ƙasa kuma ga lambar asusu. A 2021 ƙungiyar World Animal Protection ta fitar da rahoto a kan irin waɗannan bidiyoyi a YouTube, inda ta nuna cewa shirya su ake yi, da gangan ake jefa dabbar cikin haɗarin. Yanzu sun cika Facebook da TikTok. Tambayar da na kan yi ita ce: wa ya riƙe kyamarar, kuma me ya hana shi ajiye ta ya taimaka tun farko? Duk sisin da aka tura, kuɗin wahalar da dabba ta gaba ne.

Ba kowa ne maƙaryaci ba. Akwai masu kwashe 'ya'yan kyanwa daga kwata don Allah, kuma gane su ba wuya. Suna da wurin da ƙafa za ta iya zuwa, mai unguwa ya san su, suna iya faɗin sunan likitan da ke duba dabbobinsu, ba sa fushi idan ka ce za ka leƙo bayan mako biyu. Wanda ya ce wurin nasa da nisa, ko yau ba dama, gobe ma ba dama, a riƙe dabbar tukuna. In taimako kake son yi, sayi abincin ka kai da hannunka. In kuma haihuwar karyarka ce ta ishe ka, asibitin dabbobi na yin aikin tsayar da haihuwa, manyan asibitocin koyarwa na jami'o'in Sakkwato da Zariya ma suna yi, kuma aiki ne na sau ɗaya.