Ƙasusuwan Gadufawa

A kudu maso gabas da Agadas, cikin hamadar Tenere, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa. Yau babu kogi a can, sai rairayi da duwatsu da iska. Amma in mutum ya duba ƙasa da kyau, zai ga manyan ƙasusuwa a warwatse. Ba na raƙumi ba ne, ba kuma na giwa ba. Na waɗansu dabbobi ne da suka rayu shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce. Da yawa daga cikinsu ana kiran su dinozor.

A wancan zamani wurin yana da koguna masu faɗi, da fadamu, da tsirrai. Idan dabba ta mutu a bakin kogi, sai laka ta rufe ta. Naman ya ruɓe, ƙashin ya saura. Sannu a hankali ruwa ya riƙa ratsa ƙashin yana barin ma'adinai a ciki, har ya zama dutse. Yanzu iska ce ke share rairayi tana tono shi.

A shekarar 1965 wani masani ɗan Faransa, Philippe Taquet, ya fara haƙa a Gadufawa. Ya samu ƙasusuwan wata dabba mai cin ganye, mai tsawon metir 7, da dogayen ƙasusuwa a jere bisa gadon bayanta. A 1976 ya raɗa mata suna Ouranosaurus. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai yana iya ganin ta.

A 1999 wani masani ɗan Amurka, Paul Sereno, da abokan aikinsa suka bayyana wata dabbar, suka kira ta Nigersaurus, wato da sunan ƙasarmu. Bakinta mai faɗi ne, haƙoranta sun fi 500. Tana kiwo kai a sunkuye kamar saniya. In haƙori ya cinye, wani na nan a bayansa.

Cikin kogunan kuma akwai wani ƙaton kada, Sarcosuchus, wanda ya fi metir 9. Abin mamaki, an samu ƙasusuwan ɗan'uwansa a Brazil. To, yaya dabbar ruwan kogi ta ƙetare teku? Ba ta ƙetare ba. Ku duba taswirar duniya: gaɓar Afirka ta yamma da gaɓar Amurka ta Kudu sun dace da juna kamar ƙwaryar da ta fashe biyu. A da ƙasa ɗaya ce. Daga baya ta tsage, teku ya shiga tsakani, dabbobin kowane gefe suka ci gaba da sākewa dabam.

Dabbobin Gadufawa sun ƙare, waɗansu suka maye gurbinsu. Sa'an nan, shekaru miliyan 66 da suka wuce, wani dutse mai faɗin kilometir wajen 10 ya faɗo daga sararin sama a ƙasar Meksiko ta yanzu. Ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu, masu cin ganye suka rasa abinci, masu cin nama ma haka. Dukan manyan dinozor suka ƙare. Amma wani reshe nasu mai fukafukai ya tsira, shi ne tsuntsaye. Kaza da zabo na gidanku daga wannan zuriya suke.

Waɗannan ƙasusuwa dukiyar ƙasa ce. In an fasa ɗaya, ko an ɗauke shi an sayar, labarinsa ya ɓace ke nan, don masani yana bukatar sanin inda ƙashi yake kwance. Wanda ya gan shi ya bar shi a wurinsa, ya shaida wa hukuma.

Tambayoyi
1. Yaya ƙashi yake zama dutse?
2. Me ya sa aka samu kada iri ɗaya a Nijar da Brazil?
3. Waɗanne dabbobi na yau ne zuriyar dinozor?