Kafin ka mayar da injinka kan gas, ka tambayi mazaunin bawul

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mu ma a Lafiya muka shiga sahun masu mayar da janareta kan gas na girki. Na yi nawa na shago, kuɗin mai ya ragu, har ina yi wa maƙwabta alfahari. Ba a cika shekara ba inji ya fara wahalar tashi da safe, ƙarfi kuma ya ragu. Bakanikena da ke kan hanyar Makurdi ya buɗe kan injin, ya ce: "Alhaji, dubi nan, bawul ya nutse."

A injin da ke juyawa sau 3000 a minti, kowane bawul yana bugun mazauninsa sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Na fitar da hayaki ya fi shan wuya, don zafinsa kan kai digiri 700. Fetur yana shiga da ɗan danshi, yana kuma barin ɗan dauɗa da ke zama kamar matashi tsakanin ƙarfen biyu. Gas kuwa busasshe ne. Ƙarfe na cin ƙarfe, mazaunin ya lotsa, tazarar bawul ta toshe, ya daina rufewa daram. Daga nan iska ta riƙa tserewa, bawul ya ƙone.

Maganin ya daɗe a masana'antu. Ana narka wani ƙarfe mai tauri a shafe fuskar bawul ko mazauninsa da shi ta hanyar walda, sannan a goge shi sumul. Wanda ya fi suna shi ne Stellite, haɗin kobal da kuromiyom, wanda Ba'amurke Elwood Haynes ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20. Ko ya yi ja don zafi ba ya laushi, shi ya sa ake sa shi a bawul ɗin matatun mai da tashoshin lantarki. Ba aikin mai waldar ƙofa ba ne, kar wani ya ruɗe ka.

To 'yan uwa masu Keke da motocin haya a Agege, Sabon Ibadan da Fatakwal da ke harin CNG: ku tambayi mai juyar da injin ko mazaunin bawul ɗinku mai tauri ne. In ya fara kame-kame, ku nemi wani. Ni dai an canza min bawul, kuma yanzu duk canjin baƙin mai na biyu sai an auna min tazarar.