Kafin ka sayi sabon fok na keke, auna tsohon

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya sake samun daraja a Yola da Jimeta, daga ɗalibai har masu ɗauko kayan lambu daga fadamar Geriyo. Sai dai rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba. Nan ne mai keke kan nufi Kasuwar Zamani ta Jimeta ya sayi duk wanda ya shiga wuyan kekensa, a zatonsa fok fok ne.

Ba haka abin yake ba. Idan aka ja miƙaƙƙen layi ta tsakiyar sandar da ke juyawa cikin wuyan keke har ƙasa, aksil ɗin taya ba ya kan layin, yana ɗan gaba da shi. Wannan tazara ita ce abin aunawa. A kekunan tsere takan kama daga milimita 40 zuwa 50, yayin da tsofaffin kekuna masu taya inci 28 irin su Raleigh da Phoenix tasu ta fi haka, shi ya sa ƙafafun fok ɗinsu suke da lanƙwasa sosai.

Idan tazarar ta ƙaru, kan keke zai yi sauƙin juyawa har ya riƙa rawa a gangara. Idan ta ragu, kan zai yi nauyi, tayar kuma ta matso baya, ta yadda ƙafar mahayi kan iya gogarta a kwana. Ga mai ɗauke da buhun albasa a tsakiyar Keke NAPEP, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Awon ba ya buƙatar komai sai tebur mai shafaffen bisa, katako biyu masu tsayi ɗaya da rula. A cire fok ɗin, a kwantar da sandarsa a kan katakan, bakin da aksil ke zama yana kallon sama, ƙafafun biyu a daidaice. A auna daga tebur zuwa tsakiyar sandar, sannan daga tebur zuwa tsakiyar mazaunin aksil. Bambancin shi ne tazarar.

Tarkon da ke ciki shi ne, fok ɗin da ya yi karo ya riga ya koma baya, don haka awonsa ƙarya zai faɗa. Gara a roƙi mai gyaran keke ya auna lafiyayye na keke iri ɗaya.

A tafi kasuwa da ƙarin lambobi biyu: kaurin sandar, ko milimita 25.4 ko 28.6 a yawancin kekunan da ake hawa a nan, da tsawon ƙafafun daga kafaɗa zuwa aksil. Na hannu kuwa, a duba kafaɗarsa da kyau; sabon fenti a wurin kan ɓoye tsaga ko walda.