Dodon Koɗi, Ɓarawon Lambu

Duk wanda ya taɓa aikin lambu ya san zafin a dasa abu da yamma, a wayi gari a tarar an cinye. Haka ta same mu bara da ƙarshen damina, a lambun ƙungiyarmu ta manoma. Fangali huɗu na latas da kabeji muka dasa da kuɗin da muka tara, amma kafin mako guda ganyen biyu daga ciki ya koma kamar rariya. Da fari fara muka zarga. Sai malaminmu na aikin gona ya nuna mana wani sawun yauƙi mai ƙyalli a kan ganye, ya ce mu komo da tocila bayan sallar isha'i. A daren muka ga ɓarayin da idonmu.

Dodon koɗi iri biyu ne a lambu, wato mai katantanwa a bayansa, da wanda ke yawo tsirara. Dukansu jikinsu ruwa ne, rana kuwa busar da su take yi, shi ya sa suke ɓuya da rana ƙarƙashin duwatsu da ruɓaɓɓen ganye, sai dare su fito. Harshensu na da ƙananan haƙora dubbai, da su suke kankare ganye. Abin mamaki kuma, kowane ɗayansu namiji ne kuma mace, saboda haka kowa na iya saka ƙwai cikin danshin ƙasa.

To, da muka gane danshi ne ransu, sai muka daina ban ruwa da yamma, muka koma yi da sassafe, don ƙasa ta sha iska kafin dare. Muka kwashe ciyawa da tarkacen da ke gefen fangali. Sannan muka yi musu tarko: a shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu da magariba, da safe a ɗaga, a tarar sun taru, a tsince a kai wa agwagi. Ni dai a ganina wannan ya fi kome aiki, ko da yake 'yan aji ɗaya sun sha ƙyama. Sai dai a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Mun zagaye fangali da toka, ta kuwa taimaka, amma da ta jiƙe sai a sake. Wani ya kawo shawarar gishiri. Lalle yana kashe su, gama yana tsotse ruwan jikinsu, amma yana kashe ƙasa ma, don haka muka ƙi. Maganin kanti mai suna metaldehaid kuwa guba ne ga kaji da karnuka da yara, har Birtaniya ta hana amfani da shi a fili tun 2022.

Iyayenmu masu lambu a bayan gida, ina roƙonku ku hana yara jifan kwaɗi, domin suna cin waɗannan ɓarayi da dare. Mu dai fangali biyun da suka tsira su suka mayar mana da kuɗin iri.